Masarar Bilbis da Kokon Yaye

Akwai wata randa a bayan ɗakin Inna da ba a taɓa wanke ta tas ba. Da ita aka kawo Inna Gusau daga Rawayya, can wajen Bungudu, kuma tun ina ƙarama na san dokarta. Idan an kwashe kamu, sai a bar ludayi biyu na ruwan tsami a gindinta, a zuba sabon jiƙo a kai. Kaka, mahaifiyar Inna, ita ta kafa dokar. Inna kuwa sana'ar koko take yi, saboda haka randar ba ta taɓa zama wofi ba. Idan ka kara kunnenka a jikinta da rana ta biyu, za ka ji tana ƙus-ƙus, kumfa na fashewa a hankali. Na sha tsayawa ina saurare idan babu kowa a tsakar gida.

Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne shekara biyu bayan an ba mu jiha. Ma'aikata sun cika Gusau, kowane gida mai ɗaki na haya ya samu baƙo. Da yawansu sun fi son kokon masara, don haka Inna ta rage gero ta koma masara. Ni ina aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma ba ni da baki. Idan malami ya kira ni a aji, kunnuwana ne suke fara zafi kafin in miƙe. A gida ma haka nake. Amma ina kallo. Na san tabarmar da ta fara zarewa, na san kazar da take ɗingishi tun kafin kowa ya lura, na san ranar da Inna ta rage citta a koko ko da ba ta faɗa ba.

A shekarar nan damina ta ƙi tafiya. Baffa, ƙanin Baba, shi yake noma gonar gidansu a Bilbis, kusa da Tsafe, yana aiko mana da rabonmu bayan kaka. Ya karya masara, ya shanya, ruwa ya dawo. Ya kwashe, ya sake shanyawa, ruwa ya sake dawowa. Da ya gaji sai ya sussuke ta ya ɗura a buhu, ya ɗora a mota. Buhunan suka yi mako uku jingine a ɗakin ajiyarmu kafin a buɗe na farko.

Ni aka sa in ɗebo. Na zura hannu har gwiwa, na ji ɗumi a ciki kamar jikin mai zazzaɓi. Da na zaro hannun sai na ga wani gari ya manne mini, kore-kore da ɗan rawaya, kamar an gauraya garin kuka da na ɗorawa. Wani wari irin na ɗakin da ya sha ruwa ya taso.

Inna ta leƙo ta ce, “Funfuna ce. Kawo tabarma.”

Kwana biyu muna tsinta. Inna ta kasa masarar kashi uku. Mai kyau, wadda ko tabo babu, ta tafi randa, ta masu sayen koko. Mai tabo kaɗan aka wanke ta da ruwa uku, aka shanya a kan rufin kwano har ta yi fes, aka ce wannan ta gida ce. Ruɓaɓɓiyar kuwa, mai baƙi da kore, aka ce in riƙa dakawa ina watsa wa agwagi. A gidanmu ba a zubar da hatsi. Ko ƙwaya ɗaya ta faɗi a ƙasa, Inna sai ta sunkuya ta ɗauka. Kuma haka ta tashi ta ga ana yi: abin da ya fi kyau na baƙo ne da mai saye, na gida ya yi haƙuri da saura.

A watan ne aka yaye autarmu. Ta yi kukanta na kwana huɗu, ta haƙura, ta koma koko, sau uku ko huɗu a yini. Inna ba ta ba ta na randa. Ta ce tsami yana kartar cikin yaro, don haka nata daban ake yi mata: a jiƙa da yamma, a daka da safe, a tace, a dama, babu tsami ko kaɗan. Da ragowar tsohon gero ake yi mata, kuma geron ya kusa ƙarewa. Na ji Inna tana gaya wa Baba cewa idan ya ƙare za ta koma ɗibar masarar gida, tunda an wanke ta ta yi kyau.

Agwagin nawa ne. Kaka ce ta ba ni uwar, ta ƙyanƙyashe ’ya’ya sha ɗaya. Da na fara watsa musu dakakkiyar masarar, sun yi ta wawaso. Bayan kwanaki sai na ga guda ya daina bin uwarsa, yana tsaye da fikafikai a sake. Washegari na same shi a bayan turmi, wuyansa a lanƙwashe baya, ƙafafunsa a miƙe. Wani ya bi shi, wani ya bi wancan. Inna ta ce ciwon kaji ne, yana zuwa da ƙarshen damina. Amma kajin maƙwabta lafiya lau suke.

Abin da na lura da shi kuma shi ne, guda huɗu ba sa zuwa idan na kira. Sun saba da bakin magudanar da ke kusa da randa, inda Inna take juye dusar da ta tace daga kamu. Nan suke yini, su cika ciki da dusa mai tsami, masarata ko kallo ba ta ishe su ba. Bakwai suka mutu. Waɗannan huɗun ko tari ba su yi ba.

Sai uwar ma ta kwanta. Baba ya ce a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Ya yanka, aka ba ni fiɗa, don ni nake gyara kaji a gidan. Na san hantar tsuntsu, ja ce mai duhu, tana sheƙi. Wannan ta koɗe, ta yi launin ƙasar tukwane, na taɓa ta da yatsa ta dagargaje. Na ɓoye ta a gwangwanin madara, na rufe da takarda.

Malamar kimiyyarmu a gidan da ke jikin namu take haya. Mutuniyar Filato ce, Kirista, tana Hausa sosai da irin karin harshensu. Kullum da safe takan miƙo kofinta ta kan katanga Inna ta zuba mata koko. A farkon zangon nan ta taɓa shigowa aji da burodi a leda, ya yi gashi fari da kore, ’yan aji suna toshe hanci. Ta ce mana funfuna abu ne mai rai, kuma danginta suna da yawa: yis ɗin da ke kumbura burodi ɗan uwanta ne, laimar kwaɗo da ke fitowa a juji ma haka. Wasu a dangin suna ciyar da mu, wasu suna cutar da mu. Ban ɗaga hannu ba ranar, amma na rubuta duka.

Bayan la’asar na ɗauki gwangwanina na shiga gidansu. Tana zaune a kan kujera ’yar tsugunno tana duba littattafanmu da jan biro. Na gaishe ta, na tsaya.

Ta ce, “Yau kuma mai shiru ce da kanta? Zo, ba na cizo.”

Na miƙa mata gwangwanin. Ta buɗe, ta duba, ta ajiye biron.

“Ta mece ce?”

“Ta agwagwata, Malama.”

“Me take ci?”

A nan bakina ya buɗe. Na gaya mata ɗumin buhu, da kashi ukun da aka yi, da bakwai da suka mutu, da huɗun bakin magudana. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce wata irin funfunar tana barin guba a cikin ƙwayar hatsi, kuma hanta gubar take nema. ’Ya’yan agwagwa su ne ba sa jure ta ko kaɗan, shi ya sa suka riga kowa.

Na ce, “Ai an wanke ta gidan. Kuma za a dafa.”

“Wanki yana ɗauke abin da ido ke gani ne. Gubar tana ciki. Tafasar koko ba ta kashe ta.”

“To huɗun nan fa?”

Ta yi murmushi. Ta ce kumfar nan da nake ji a randar Inna, masu rai ne ke aiki, ƙanana ƙwarai, kuma akwai yis a cikinsu. Idan hatsi ya daɗe a tsami suna cin wani abu daga gubar, wani kuma ya bi ruwan jiƙo da dusa ya fita. Ta ce akwai masu bincike da suke neman yadda za a sa wata funfunar ta karya gubar da ’yar uwarta ta bari. Sai ta ɗaga yatsa.

“Ki ji ni da kyau. Ragewa na ce, ban ce kawarwa ba. Kuma dusar nan ta masara mai kyau ce, ko ba haka ba? To ba ki sani ba ko tsamin ne ya tsare su ko tsintar ce. Ki riƙe su duka biyu.”

Na gaya mata maganar autarmu da geron da ya kusa ƙarewa. Na roƙe ta ta zo ta yi wa Inna bayani. Ta girgiza kai.

“Ni mai sayen koko ce ta kan katanga. In na buɗe baki, za ta ji kamar na ce kokonta ba shi da kyau, gobe ta kasa kallona. Ke kika sa hannu a buhu, ke kika fiɗe agwagwa. Ki faɗa mata kamar yadda kika faɗa mini.”

Kwana biyu ina ɗauke da maganar. Sau uku ina zuwa bayan Inna in tsaya, ta juyo ta ce, “Mene ne?” in ce ba komai. Kullum kuma ina leƙa kwaryar gero, ina ganin gindinta yana fitowa.

Ranar Asabar Kaka ta zo daga Rawayya ganin ’yar yaye, da ƙullin daddawa da ɗan man shanu a kwalba. Da la’asar suna zaune a inuwar ɗaki, auta tana kan cinyar Kaka tana jan carbinta, sai Inna ta karkaɗe kwaryar gero, bai kai cikin tafi ba. Ta tashi ta shiga ɗakin ajiya, ta fito da masarar gida a ƙaramar kwarya, ta ce in kawo ruwa a jiƙa wa auta.

Na kawo ruwan. Amma ban zuba ba. Na durƙusa na ɗora hannuna biyu a kan masarar.

Inna ta ce, “Zuba mana.”

“Inna, kada a ba ta wannan.”

Muryar ta fito ƙarama, amma ta fito. Inna ta dube ni kamar turmi ne ya yi magana. Kaka ta kwashe da dariya.

“Ashe kurmar ga tana da harshe. Bar ta mu ji, yau rana ta musamman ce.”

Na faɗa musu. Na fara da buhu, na bi agwagin ɗaya bayan ɗaya, na nuna huɗun da ke bakin magudana suna tsotsar dusa. Na ɗauko gwangwanin daga bayan randa. Hantar ta fara wari, amma launin yana nan. Inna ta kawar da kai.

Ta ce, “Da hannuna na wanke ta ruwa uku. Dubi yadda take sheƙi. Kuma wuta za ta hau.”

“Wuta ba ta kashe ta, Inna. A cikin ƙwayar take.”

“Wa ya gaya miki?”

“Malama. Amma agwagin ni na gani.”

Kaka ta daina dariya. Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga ƙarƙashin yatsuna, ta fasa da haƙoran gefe da suka rage mata, ta tauna, ta tofar. Ta duba cikin ɓarin. Wajen idon ƙwayar ya yi duhu.

Ta ce, “Da ɗaci. Hunhuna ta shige ta.” Ta juya ga Inna. “Ke kuma mi ya sa kike hana ɗiyar ga tsami? Da mi na yaye ki? Uwata ta gaya mini tsami yana cinye mugun abin da ke cikin hatsi. Randar da na ba ki ba ta ado ba ce. Zuba wannan ciki ta kwana uku, a ba ta.”

Na so in yi shiru, tunda an zo kusa da abin da nake so, kuma Kaka ba a musa mata. Amma na tuna yatsan Malama.

“Kaka, tsamin ragewa yake yi, ba ya cinyewa duka. A ba ta mai kyau, ta randa. Wannan kada kowa ya ci.”

“Yau na ga ikon Allah,” in ji Kaka. “Shekara sha uku tana tara magana, ashe a kaina za ta juye.”

Inna ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin turmi tana kallon kwaryar. Na san abin da ke cinta. Masarar gida da ruɓaɓɓiyar sun kai buhu ɗaya da rabi, abincin watanni.

Ta ce, “To in yi yaya da ita? In zuba a bola? Hatsi? In tsaya gaban Allah in ce na watsar da abin da Ya ba ni?”

Wannan kam Malama ba ta koya mana ba. Auta tana ta wasa da carbi. Can Kaka ta gyara zama.

“Wa ya ce bola? Ƙasa ta ba da ita, a mai da mata abinta. Ramin takina yana nan bayan gida. A binne ta da kashin awaki da kara, ta ruɓe, ta koma gona. Wannan ba zubarwa ba ne.”

 Inna ta tashi ta ɗauki kwaryar daga gabana, ta mayar ɗakin ajiya. Ta fito ta wuce randa, ta ɗebo kamu mai kwana uku, na masu saye, ta ɗora ruwa a wuta. Da ta dama ta sa ɗan sukari, ta hura, ta kai ludayi bakin auta. Auta ta kurɓa, ta runtse ido, ta yamutse fuska kamar tsohuwa, ta tofo rabi a zanen Kaka. Sai kuma ta buɗe baki tana neman ƙari.

Da Baba ya dawo daga tasha aka gaya masa. Ya shiga ya fasa ƙwaya biyu da kansa, ya fito ya ce shi ke nan, zai nemi mota. Ranar Litinin, da yake an ba mu hutu a makaranta, na raka Kaka da buhunan. Muka sauka a Bungudu, muka jira wata motar zuwa Rawayya. Wani fasinja ya tambayi Kaka ko masarar ta sayarwa ce, ta ce masa, “Ta binnewa ce,” ya matsa gefe. A bayan gidanta muka juye ta a ramin, muka bi da taki da kara, muka danne da ƙasa sosai don kada kaji su tono.

Shekarar ba ta zo mana da sauƙi ba. Masara ta ƙare tun kafin bazara, muka koma tuwon dawa, wani lokaci rogo da ƙuli-ƙuli. Idan na ɓata fuska a kan kwano, Inna takan ce, “Ci, likitar agwagi, aikinki ne.” Baffa ma ya ji haushi da labari ya kai Bilbis, ya aiko cewa shi bai taɓa noma guba ba. Amma kaka ta gaba masararsa ta zo a makare, a bushe ƙayau, tana ƙara idan an girgiza buhu.

Da hutun damina na koma Rawayya. Na zagaya bayan gida na tona gefen ramin da sanda. Babu masara, sai baƙar ƙasa mai laushi, da wasu fararen zaruruwa kamar saƙar gizo sun ratsa ta ko’ina. A sama kuma laimar kwaɗo ta fito, guda shida ko bakwai, a jere a bakin ramin. Na tsinko ɗaya na kawo wa Malama a gwangwani. Ta juya ta a hannu ta ce, “Dangin ne dai. Wata ta ɓata, wata tana gyarawa.” Ta ce kada in ci, kamar da ma zan ci.

Autarmu ta girma da kokon randa. Har yau idan aka ba ta marar tsami sai ta ce ruwa ne aka ba ta. Ba ta san komai game da wannan la’asar ba sai abin da aka gaya mata, kuma Kaka, kafin ta rasu, takan ba da labarin ne ta wajen zanenta da aka ɓata.

Ban zama mai surutu ba. Amma daga shekarar nan, duk buhun da ya shigo gidanmu, na masara ne ko na gyaɗa, Inna ba ta yarda a ɗiba sai na dawo daga makaranta. Ina ajiye jaka za ta ce, “Zo ki sa hannu.” In naɗe hannun riga, in zura har gwiwa, in tsaya ina ji. Idan na ce da sanyi, ta ce a kawo kwarya.